Ku Jira Ni Zuwa Asabar

Manila, Laraba, 8 ga Yuli, 1964

Zuwa ga yayata, Ate Puring,

Gaisuwa mai yawa tare da ta'aziyyar rashin da muka yi ni da ke. Ina fata kina lafiya, ke da yara da kawunmu Tiyo Anselmo, kuma ciwon ƙafarki bai tashi ba da wannan tsayuwar karɓar baƙi.

Wayar tangarahunki ta same ni jiya, saura minti goma a kunna fitila a kaina in fara shirina na talabijin. Na karanta cewa Inay, mahaifiyarmu, ta rasu, na ninke takardar na sa a aljihu, na fita na ce wa Manila barka da rana. Awa ɗaya da rabi na yi ina gabatar da mawaƙa da masu rawa da wani mutum da karensa mai tafiya da ƙafa biyu. An ce ban taɓa ba da dariya kamar jiya ba.

Kin san aikin nan. Ba a ɗaukarsa a ajiye, abin da na yi a lokacin shi mutane ke gani, kullum sha biyun rana. Na je wurin Ninong Delfin, mai gidan talabijin ɗin, ya rungume ni har da hawaye. Ya ce, "Wency, ɗana, ƙarasa mana gasar waƙar nan zuwa Juma'a, ni da kaina zan sa a kai ka bakin jirgin ruwa." Mutumin da ya tsaya min uba ranar aurena, ta yaya zan dubi idonsa in ce a'a?

Na san ba za ku rufe ta ba sai ɗanta namiji ya zo ya kama akwatin gawar. Ku jira ni zuwa Asabar. Mang Isko mai sayo kaya zai kawo miki wannan, da kofi da biskit na masu zaman makoki.

Ƙaninki,
Wency

Manila, Lahadi, 12 ga Yuli

Ate Puring,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na san kin tura yara bakin ruwa jiya sun dawo ba ni. Ki yi haƙuri.

Masu kamfanin sabulun da ke ɗaukar nauyin shirin sun ga gasar ta karɓu, sai suka ƙara mata mako guda. Yau ma, da nake da hutu, an kwashe ni zuwa dandali ina raba sabulu. Na maƙala baƙin ƙyalle a ƙirjina kamar yadda ya kamata ga wanda ya yi rashi. Ninong ya zo da kansa ya cire shi a hankali, ya gyara min kwala. Wai na'urar ɗaukar hoto na nuna shi kamar datti a riga, kuma masu cin abincin rana ba sa son a tuna musu da mutuwa.

Bai taɓa ɗaga min murya ba, Ate, abin da ya fi ɗaure ni ke nan. Da zai zage ni da tuni ina gida Mindoro. Sai dai ya nuna min makaɗa da 'yan rawa, mutum arba'in, ya ce, "Dube su, abincinsu a bakinka yake." Sannan ya tuna min ranar da ya tsince ni ina ba da dariya a kan teburin kasuwar bikin gari, da takalmin aro.

Zuwa da dawowa kwana uku ne kacal. Zan sake roƙonsa. Ki lallashi Tiyo, ku ƙara min zuwa Laraba.

Naki,
Wency

Manila, Alhamis, 16 ga Yuli

Yayata,

Ina gaishe ki, ina kuma jin kunyar tambayar lafiyarki, don Mang Isko ya ce kin rame, kwana tara ba ki kwanta ba saboda ba a barin gawa ita kaɗai.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Ban san talabijin ɗin da na aika wa Inay bara yana nan a falon da kuka shimfiɗa ta ba. Ban san masu zaman makoki suna ajiye kartar da suke bugawa da tsakar rana su tayar da injin wuta su kunna shi ba. Ashe duk rawar da na taka makon nan a gefen akwatinta na taka. Kuma na ji abin da Tiyo ya ce wa gawar Inay: "Ga ɗan naki nan ya iso, Conching, har da ƙungiyar makaɗa." Ban ji haushinsa ba, ya faɗi daidai.

Jiya na ɗauki jaka na tafi tashar mota. Babu wanda ya tare ni. Ninong ya gaji, ya ce in tafi, akwai wani sabon ɗan wasa, Rodel, zai riƙe shirin kwana uku. Ina tsaye tikiti a hannuna mata suka kewaye ni suna kiran sunana, wata ta ce mahaifiyarta ba ta cin abinci sai ta gan ni. Nan na tuna da wanda zai tsaya a wurina. Na san Rodel. Ya fi ni ƙuruciya, ya fi ni baki, kwana uku sun ishe shi ya sa a manta da ni. Sha ɗaya da rabi ta same ni a gaban madubi ana shafa min hoda. Da ƙafata na koma, Ate. Shekara shida ina cewa sun riƙe ni, jiya suka sake ni na kasa tafiya. Wannan ban faɗa wa kowa ba, ko matata.

Kada ku ƙara jirana. Ku binne ta ranar Asabar, mijinki ya kama akwatin a wurina. Abu ɗaya nake roƙo: ki gaya wa limamin coci a yi da safe, a gama komai kafin sha biyu. Ba na so lokacin da ake zuba mata ƙasa ya zamana ni ina dariya.

Allah ya ji ƙanta, ya ba ki haƙurin zama da ƙani irina.

Ƙaninki,
Wenceslao Dimaano