Ƙwan Tsakar Tsoho Lin

Guangzhou, Yuni 2008

Zuwa ga matata Humu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da ɗanmu Zayyad. Ya ƙafar Inna? Ni jiki kam alhamdu lillahi.

Ina nan ina ɗaure wa Alhaji Shitu kaya a kasuwar Canaan, amma gari ya canza. Saboda wasannin Olamfik an daina sabunta biza, duk inda ka je sai "meyo", wato babu. Tawa za ta mutu wata mai kamawa, Alhaji ya ce in shirya dawowa.

Abin da ya dame ni daban ne, na san kuma za ki yi dariya: tsaka. Mai gidanmu, Tsoho Lin, mutumin tsibirin Hainan ne. Tsakar can ba irin ta bangon ɗakinmu ba ce. Baƙa ce mai ratsin rawaya, idonta ja kamar garwashi, har lumshe shi take kamar mutum. Ba ta hawa gilashi, a ƙasa take takawa a hankali, kamar mai tausayin ƙasar. Da hannu ya nuna min cewa a dutsen ƙauyensu an kusa kwashe su, ana sayar wa masu kiwo. In ya ga wata a kasuwar dabbobi sai ya fanshe ta, ya mayar in zai je gida.

Makon jiya ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa ta zo ta tafi da shi tsibirin. Tsakar da ke hannunsa tana ɗauke da ƙwai, ba za ta jure hanya ba. Kafin a fita da shi ya kamo hannuna ya ɗora kan akwatinta. Humu, tsohon nan ne ya yi ta dafa min ruwan citta sanda zazzaɓi ya kayar da ni. Na karɓa.

Ki gaida kowa.
Naki, Munkaila

Guangzhou, Yuli 2008

Humu,

Sallama da fatan alheri. Allah ya sa Zayyad ya daina tarin nan.

An kashe ta. Harouna ne, mutumin Maraɗin da muke ɗaki ɗaya. Ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado yana neman sukari, da ya gan ta sai ya cire takalmi. Na dawo na tarar yana murna, wai bugu ɗaya ya yi, ladansa cikakke, ya kuma raba tukunyarmu da kuturta. Kunya ce ta hana ni gaya masa tun farko, don wa zai ce Bahaushe na kiwon tsaka? Ban iya yi masa faɗa ba. Ni ma da haka aka raine ni.

Da na zo zubar da ciyawar akwatin sai ga ƙwai biyu, farare, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba, ɓawonsu da laushi kamar jemammiyar fata. Na kira 'yar tsohon, tana ɗan jin Turanci. Ta ce kada in kuskura in juya su ko in girgiza, ba na kaza ba ne, ɗan ciki mutuwa zai yi. Ke nan ba su ɗaukuwa sai sun fashe, ita kuma ba ta da halin barin mahaifinta yanzu.

Zafin garin nan kamar bakin murhu. Nakan naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu yadda Inna ke yi wa randa. Harouna ya tafi gida. Na roƙi Abdul-Jalil, mai kai kaya Kumasi, ya riƙe min ƙwan in na tafi, sai ya yi dariya har da riƙe ciki, yanzu Sarkin Tsaka yake kira na. Alhaji ya ce in ban hau jirgi ranar Alhamis ba, babu shi babu ni.

Ki gaya min yadda zan yi, Humu. Na san kafin takardar nan ta iso jirgin ya tashi, amma ki faɗa ko a ranki ne.

Mijinki, Munkaila

Guangzhou, Agusta 2008

Humu, uwar Zayyad,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwarki. An ce kin yi girki kin jira.

Ban hau ba. Tun da bizar ta mutu ban taka titi ba, 'yan sanda na bi gida-gida suna duba fasfo. Ko Juma'a a masallacin Huaisheng na daina zuwa. Maƙwabta na ihun wasanni a talabijin, ni ina tsugune ina yayyafa wa ciyawa ruwa. Abdul-Jalil ke turo min biredi, da tsiyarsa da komai, Allah ya saka masa.

Ƙwai ɗaya ya motse ya yi funfuna. Ranar na yi kuka, na ce na sayar da ganin ɗana a kan ruɓaɓɓen abu. Ɗayan na zuba wa ido har ya fara gumi. Shekaranjiya ya tsage, kai ya leƙo, ya daɗe a haka kamar mai shawarar ko duniyar ta cancanci fitowa. Da ya fito, ɗan tsakar bai kai ɗan yatsana ba, ratsinsa fes kamar yau aka zana.

Ɗazu 'yar tsohon ta iso. Ta saka shi a gwangwanin shayi mai huji, ta ce da hannunta za ta sake shi a dutsen. Mahaifinta bai ƙara magana ba, amma ta ce za ta buɗe masa murfin ya gani tukuna.

Gobe zan kai kaina wurin 'yan sanda. An ce sukan tsare mutum kafin su maido shi, babu wanda ya san iya kwanakin. In kin ji shiru, kada ki tsorata. Inna kuwa, ki ce mata amana ce ta riƙe ni. In ta tambaye ki ta mece ce, ki bari sai na zo, ni zan faɗa mata da bakina.

Ki shafa min kan Zayyad.
Naki har kullum, Munkaila