Muryarka Ta Maƙale a Kwamfuta

Yelwan Yauri,
9 ga Satumba, 2002.

Zuwa ga Yayana Lukman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Jamilatu da jaririya. Yaya karatu, yaya baƙuncin ƙasar Indiya? Mu nan sai godiya. Ruwa ya cika, kifi ya yi wuya, ƙafafun Inna sun sake kumbura, amma tana cin tuwonta.

Faifan da ka aiko ta hannun abokinka ya iso. Da na gaya wa Inna hotonku mai motsi ne a ciki har da muryarka, kuma ka sa wa ɗiyar sunanta, sai ta kau da kai ta ce a duba mata kifin da ke kan banda. Ka san ta da kunyar ɗan fari, ko sunanka ban taɓa ji a bakinta ba. Amma washegari sai ga ta a shagonmu na buga takardu, ita da ba ta zuwa ko'ina, wai wucewa take ta biyo ta huta.

To Yaya, kwamfutarka ta watsa mini ƙasa a ido. Kai ka raba ta gida biyu, Windos don buga wa mutane takardu, Linuks don ƙwalamarka, ka sa ƙafa ka tafi ka bar ni da ita. A Windos hoton ya fito tas, amma ba sauti. Inna kuwa tun da yanar ido ta rufe mata gani inuwa kawai take hangowa, murya ita ce rabonta. Sai na kashe na tayar da ita ta ɓangaren Linuks. Nan fa aka yi zaman jira. Rubutu ya yi ta gangarowa, ya zo wani layi ya tsaya cak. Aka kira la'asar, na yi salla na dawo, sannan ta ga dama ta ƙarasa, alhali da ba haka take ba. Da na buɗe faifan, ka fara magana za ka ce Inna, rabin kalmar kawai ya fita, ya yi ta maimaituwa, in-in-in, komai ya daskare, sai da na zare wuta.

Ta gane ka. Na ga hannunta ya damƙe bakin benci. Can ta miƙe ta ce ai ya isa, tunda yaron yana da rai.

Abu ɗaya ya sauya tun tafiyarka. Sunday, mai gyaran nan na Kontagora, ya sa mana katin modem don mu riƙa aika maka saƙo, ga shi har yau layin tarho bai iso shagon ba. Don Allah ka rubuto mini abin yi da wuri, kada ka yi mini halinka na sai gobe.

Maigidana Muhammadu da yara suna gaishe ku. A shafa mini kan takwarar Inna.

Ƙanwarka,
Fiddausi.

Yelwan Yauri,
14 ga Oktoba, 2002.

Yayana Lukman,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma wasiƙata ta farko ta same ka, don har yanzu ban ga amsa ba. Ban ce laifinka ne ba, na san hanyar da nisa, amma raina a ɓace yake kuma kai ne mafi kusa da shi.

Inna ta kwanta. Numfashi yake yi mata wuya, a asibiti sun ce zuciya ce, sun ba da magani sun ce a yi haƙuri. Ba zan ɓoye maka ba, ina tsoro.

Sunday ya zo. Ya ce katin sauti ne ya mutu, ya sa wani sabo a ramin da ya cire tsohon, aka tayar, jiya i yau. Sai ya ce a goge Linuks gaba ɗaya a huta. Na ce masa ba da ni ba, ɓangaren da yake son gogewa shi kaɗai ke ba mu ko da rabin kalma. Na kai faifan gidan maƙwabta a gwada a bidiyonsu, ya ƙi karɓa. Ka ga da kaset ka yi kamar kowa, da tuni an wuce wurin, amma ina, kai ɗan boko.

Bayan tafiyarsa na tuna abin da ka taɓa nuna mini, cewa kowane kati yana da lambar da yake kiran ƙwaƙwalwar kwamfuta da ita, wadda kuke ce wa IRQ. Na lalubo jerin. Katin sauti da modem duka suna kan lamba sha ɗaya, kamar mutum biyu suna kiran mai jirgi ɗaya daga gaɓa biyu. Zuciyata ta ba ni nan cutar take. Na so in kwance murfin in zare modem ɗin da kaina, ko da yake ka sha yi mini kashedi kada in taɓa cikinta.

Inna ce ta hana. Ka san mun ɗauko kwamfutar a baro mun kawo ta gida, tana nan a ɗakinta kusa da gado. Duk lokacin da aka kawo wuta sai ta ce in tayar da akwatin nan a ga ko ya warke. Ta san bai warke ba. Mu zauna, ni da ita, ana jiran layin nan ya wuce, ita tana jan carbi. In muryarka ta maƙale ba ta barin in kashe da wuri, sai ta ce bari ya ɗan huta tukuna. Ranar da ta ji na ɗauko sukudireba ta ce kul, kada in ɓata ɗan abin da ake ji garin neman wanda ba a da shi, a jira mai abin ya yi magana. Na yi magiya, na yi fushi, har na yi kuka a tsakar gida. Ita dai a jira ka.

Yaya, ka taimake ni. Ba na son ta tafi da rabin kalma.

Taka har kullum,
Fiddausi.

Yelwan Yauri,
25 ga Nuwamba, 2002.

Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya ibada, yaya haƙurin da muka yi? Muhammadu ya ce ya same ka ta tarho daga Kontagora ya sanar da kai rasuwar. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa azumin da ta cika a cikinsa ya cece ta. Ta tafi cikin sauƙi, da hantsi, kanta a cinyata. Mutanen Ngaski da na Shanga duk sun zo, har da matan da suka yi sana'ar kifi tare.

Wasiƙarka ta iso bayan an yi addu'ar bakwai. Na ajiye ta ban buɗe ba sai shekaranjiya. Na bi abin da ka rubuta. Na taɓa ƙarfen akwatin kafin in sa hannu, na zare modem daga ramin da ka ce wayarsu ɗaya da na sauti, na mayar da shi ramin ƙarshe, na shiga shuɗin allon farko, wanda ake kira da an tayar da ita, na sauya layin da ka zana mini. Ko ruwan shayi ba zai tafasa ba na gama. Yanzu kafin in gyara zama ta tashi, Windos da Linuks duka, sauti raɗau. Wallahi da na ga saurinta sai na ji na tsane ta.

Na kalli faifan ni kaɗai a ɗakin Inna. Na ga Hajara ƙarama, goshin Inna ne sak, na ji dariyarta. Na ga ka rame, ka riƙa cin abinci. Abin da ban shirya masa ba shi ne gaisuwarka. Ka durƙusa a gaban na'ura ka ce mata ina wuni, ka yi shiru. Ka tambayi ƙafa, ka yi shiru. Ka tambayi ido, ka sake yin shiru, kanka a ƙasa, kana ba ta wuri ta amsa. Ban iya barin ka a durƙushe ba, Yaya. Duk inda ka tsaya na amsa maka, na ce lafiya lau, da sauƙi, Allah Ya yi maka albarka.

Ka gaishe da Jamilatu. Allah Ya raya mana Hajara.

Ƙanwarka,
Fiddausi.