Ƙorafi Kan Sa Gonar Gidan Gadsden a Gwanjo Bayan Hukuncin Kotu

Ozella M. Gadsden,
Lamba 14, Titin Landing,
Tsibirin Cutler.
9 ga Satumba, 2019.

Mai Girma Ma'ajin Gundumar Harlow,
Ofishin Tattara Haraji.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SA GONARMU A JERIN GWANJO DUK DA HUKUNCIN KOTU NA 3 GA YUNI, 2019

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Kakan mahaifina ne ya sayi wannan gona da guminsa bayan an 'yanta bayi, kuma gidanmu bai taɓa fashin haraji ba. A Janairun 2017, da wani kamfani ya gina otal a maƙwabtanmu, ofishinku ya ninka mana haraji sau tara, wai gonarmu filin gina gidajen shaƙatawa ce. Kuɓewa da dankali nake nomawa, ranka ya daɗe. Kusurwar gabas kuwa maƙabartar gidanmu ce, ita ma an yi mata kuɗi.

2. Da na zo neman bayani, jami'in ƙiyasinku, Mista Dwight Purvis, ko takardata bai buɗe ba, ya ce: "Kaka, ki sayar ki huta mana! Me tsohuwa za ta yi da bakin teku?" Ni ba kakarsa ba ce. Washegari da safe sai ga wakilin kamfanin a ƙofata, da kek a hannu da takardar ciniki. Ban zargi kowa ba, na dai faɗi yadda aka yi.

3. A kan haka na ɗauki lauya, Barista Lenora Whitsett, muka shigar da ƙara. Kafin in iya biyan ta sai da na sayar da jirgin ruwan kamun jatan lande na marigayi mijina, jirgin da na yi masa alkawarin bar wa jikansa. Sau huɗu ana ɗage zama saboda lauyan gunduma bai zo ba. Yayana Cephus, wanda yake kai ni kotu a motarsa, ya rasu ana cikin wannan jan ƙafa, bai ji ƙarshen shari'ar ba.

4. Ranar 3 ga Yuni, 2019, kotu ta yanke cewa gonata gona ce, a koma kan tsohon ƙiyasi, maƙabarta kuma babu haraji a kanta. Ranar 10 ga wata Barista Whitsett ta kawo kwafin hukuncin ofishinku da hannunta, aka buga mata hatimi. Ran nan na biya abin da kotu ta ce.

5. Duk da haka, ranar Lahadi, 25 ga Agusta, muna fitowa daga coci, maƙwabciyata ta miƙo mini jarida tana kawar da kai. Sunana ne a cikin waɗanda suka ƙi biyan haraji, za a yi gwanjon gonata ranar 7 ga Oktoba. Kowa a cocin ya riga ya karanta. Da lauyata ta buga waya, aka ce na'ura ce ta fitar da jerin, kuma mai gyarawa ya tafi hutu. Lokacin ƙarin harajin dai ban ji an ce wani ya tafi hutu ba.

Don haka ina roƙon mai girma Ma'aji:

(a) a cire gonata daga jerin gwanjo kafin ƙarshen wannan wata, a ba ni shaida a rubuce;

(b) a buga gyara a jaridar da aka ɓata mini suna, a shafin da aka buga jerin, da baƙaƙe masu girman waɗanda aka buga sunana da su.

Barista Whitsett ta ce za mu iya komawa kotu kan raina hukunci. Ba ni da sauran abin sayarwa, amma ta ce wannan karon ko sisi ba za ta karɓa ba. In har ranar gwanjo ta zo ba a gyara ba, zan zo da kayan cocina in zauna a layin gaba, don mai tayawa ya dubi fuskata kafin ya ɗaga hannu. Shekaruna saba'in da tara, na iya zama.

Ina fatan za a dubi kokena da idon adalci. Ka huta lafiya.

Taka mai biyayya ga doka,

Ozella M. Gadsden (Misis)

Kwafi: Barista Lenora Whitsett.