Bencin Mai Birki

Talata da dare, Abu Hail, 2014

Na kasa cin abinci. Wata bakwai muna gyaran tsohon taragon nan na ƙarshen jirgi, jibi za a zo dubawa kafin ya fara ɗaukar fasinja.

A ciki akwai bencin mai birki, wato ma'aikacin da ke riƙe birkin jirgin a da, tsakiyarsa ta lotsa saboda zaman shekara da shekaru. Shugabar aikin ta sha gaya mini lotsawar nan ce mutane za su zo gani. Da zan fita azahar sai na ce wa Baba Isaka, kafintanmu ɗan Kumasi, "Baba, a ɗan gyara bencin nan." Na dawo na tarar ya kankare shi sumul, har da fenti. Yana murmushi ya ce, "Khalas, an gama, ɗana, ya koma sabo!"

In na ambaci sunansa a gaban shugabar, bizarsa ta aiki a ƙasar nan ta tafi, ga iyali a gida. In na yi shiru, tawa ce. Kuma ni ne ban yi masa bayani ba.

Ya Allah! Fentin zan iya kankarewa gobe. Amma zaman mutum na shekara hamsin, a ina zan samo shi kafin jibi?