Ta Hagun Motoci

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar?

Kada hankalinka ya tashi. Lafiyata lau, Autanku ma da yake soja tare da mu lafiyarsa lau, ko ƙwarzane bai yi ba. Amma yau kwanana tara a tsare a bariki. Wani ɗaki ne a bayan sito, gado ɗaya, kujera ɗaya, taga kuma can sama, sai na taka kujera nake hango rufin gareji. Sun karɓe wayata. Takarda da biro kaɗai suka bar mini, kuma duk abin da na rubuta sai ofis ya karanta kafin ya fita.

Ka san aikina. Manjon da aka kawo mana baƙo ne, ba ya jin Hausa, yawancin sojojinmu kuma Turancinsu bai wuce na fareti ba. Shi ya faɗa, ni in juya musu a oba-oba. Kwana goma da suka wuce muna rakiyar motoci huɗu na abinci da magani, aka yi mana kwanton ɓauna a wata kwana. Maharan suna kan tudu a gabanmu. Manjo yana ta ihu a kan maharan, ya koma kan motocin, sannan ya ce: "Two, flank them, left side." Ni kuma na ce: "Sashe na biyu, ku tsaya ta hagun motoci ku kare su." Suka tsaya. Muka shafe minti arba'in a wurin, ba gaba ba baya, kafin agaji ya iso. A nan aka harbi direban motar farko. Ya cika tun kafin a kai shi asibiti. 'Ya'yansa uku.

Manjo ya ce shi nufinsa su zagaya su ɓullo wa maharan ta gefe, kuma da an yi haka da tuni an tarwatsa su. An kafa kwamitin bincike, za a saurare ni nan da mako uku. In suka ce sakaci na yi, kotun soja za a kai ni.

Kawu, shekara talatin da ɗaya ka yi kana koyar da Turanci, ni ma a hannunka na koya. Don Allah ka rubuto mini ma'anar kalmar nan "flank" dalla-dalla, ka sa hannu, in miƙa wa kwamiti. Kada ka gaya wa mahaifiyata tukuna.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Tafinta

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta same mu lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, ita da matakalar masallaci har yanzu ba sa ga maciji. Allah ya ji ƙan direban nan, ya raya abin da ya bari. Kai kuma Allah ya fitar da kai.

Na sauko da babban ƙamus ɗina, wanda Innarku ta liƙe wa bango da ƙyalle, na kuma aro wani a makaranta don kada a ce tsoho ya yi amfani da tsohon littafi. Bakinsu ɗaya. Ga abin da na samu.

Asalin kalmar ba ta yaƙi ba ce, ta jiki ce. Ita ce kwiɓi, wato tsakanin haƙarƙari da ƙugu, na mutum ko na dabba. Sojoji suka aro ta, domin runduna ma tana da gaba, tana da baya, tana da kwiɓi biyu, kuma kwiɓin nan shi ne inda ba ƙashi. Idan aka mai da ita aikatau sai ta rabu biyu. Na ɗaya, ka tsaya a gefen abu. Shugaba in ya fito da masu gadi dama da hagu, da kalmar nan ake faɗa, haka ma in aka sa soja ya tsare gefen ayari. Na biyu, ka zagaye abokin gaba ka far masa ta gefe. Wannan yana da kalmarsa da ba ta da ruɗu, "outflank", amma sojoji sukan guntule ta. Ka ga ke nan komai ya rataya a kan wa ake nufi. In naka ne, kare shi za ka yi. In maƙiyi ne, dukansa za ka yi. Manjonku ya ce "them", bai ce motoci ba, bai ce mahara ba. Da ɗalibina ne, da na zagaye kalmar da jan biro na rubuta masa "su wa?"

Wannan zan rubuta wa kwamiti, kuma gaskiya ce tsantsa. Amma ni malaminka ne kafin in zama shaidarka, don haka ka ji sauran. A bakin soja, ana cikin musayar wuta, ma'ana ta biyu ta fi yawa nesa ba kusa ba. Kai kuma shekararka biyu a cikinsu, kuma tun kana aji uku ban taɓa kama ka da irin wannan tuntuɓe ba. In akwai mai hankali a kwamitin, nan zai taɓa. Ka shirya amsarka.

Mahaifiyarka ta zo jiya tana cigiyar me ya sa wayarka a kashe. Na ce aiki ne. Ban saba yi wa ƙanwata ƙarya ba, kada ka bar ni a haka da daɗewa.

Auta bai rubuto ba, ka san halinsa. Shi a wane sashe yake yanzu?

Wassalam.
Kawunka

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Wannan takardar ba ta ofis za ta bi ba. Dattijon da yake dafa mana abinci zai je ganin gida, shi na ba. In ka karanta ka ƙone ta.

Ka tambaye ni sashen Auta, kuma na san ba don hira ka tambaya ba. Yana sashe na biyu. Tun da aka ba shi kofur shi ne yake shiga gaba.

Bari in gaya maka yadda wurin yake. Ta hagun hanya fili ne fetal, tsawonsa ya kai filin ƙwallo biyu, ba bishiya, ba dutse, ba kwazazzabo. Duk wanda zai zagaye tudun nan sai ya ratsa shi a guje, maharan suna kallonsa daga sama. Ina kwance a gindin tayar mota, oba-oba a hannuna, ina hango Auta a durƙushe yana jiran umarni. Hularsa ta karkace kamar yadda yake sa ta tun yana yaro. Manjo ya yi magana, na buɗe baki, abin da ya fito ke nan.

Kullum in na idar da sallah sai in zauna in maimaita abin, in ce ko zan gano. Wata rana in ga lallai motoci na ji yana nufi, domin su ya gama ambata. Wata rana kuma in ga na fahimce shi sarai, tun kafin ya rufe baki, na dubi filin nan, na dubi Auta, na zaɓa. Wallahi Kawu ban san wanne ne gaskiya ba. Abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Amma abu ɗaya na sani: Manjo ya ga ba su motsa ba, ya daka mini tsawa, "Me ka gaya musu?" Na ce, "Abin da ka ce." Daga nan harbi ya yi tsanani, bai sake samun damar tura su ba. A wannan karon na san me nake yi. Ina iya gyarawa, ban gyara ba.

Direban nan ya san ni. Da safen ranar ya miƙo mini ruwa ta taga, yana tsokanata wai ni ne mai baki biyu, albashi ɗaya.

Kwamiti bai lura da dangantakata da Auta ba, tunda sunayen iyayenmu daban. Takardarka kaɗai za ta iya fitar da ni, in na yi shiru a kan sauran. In na yi magana kuma, kotun soja ce, Auta ma zai ji cewa an sayi ransa da na wani. Ɗakin nan taku biyar ne a tsaye, huɗu a kwance, na auna ya fi sau ɗari. Ba ƙofar ce take damuna ba yanzu.

Ka gaya mini abin da zan yi.

Ɗanka

*

Ɗana,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Na karanta, na ƙone kamar yadda ka ce. Innarku ta ga hayaƙi ta tambaya, na ce tsofaffin takardun jarrabawa ne. Ƙarya ta biyu ke nan a wata ɗaya.

Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ka tambayi mutumin da bai kamata ka tambaya ba. Da na zo wurin da ka ce filin fetal ne, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne alhamdu lillahi. Sai daga baya na tuna da yara uku. Ka ga ni ma ba ni da tsabtar da zan yi maka alƙalanci da ita.

Ga takardar kwamiti nan a haɗe, na sa hannu. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na rubuta ma'ana biyun, na rubuta cewa umarnin Manjo a dunƙule yake, na kuma rubuta cewa ma'ana ta biyu ta fi yawa a fagen fama. Na so in cire wannan layin na ƙarshe, har na sake kwafe shafin babu shi, sannan na yaga.

Sauran kuwa ba aikin ƙamus ba ne. A matsayina na uban Auta, so nake ka yi shiru ka dawo gida. A matsayina na wanda ya rene ka, na san in ka yi shiru ba za ka sake cin abinci ya yi maka daɗi ba. Ka faɗa musu kamar yadda ka faɗa mini, har da abin da ba ka sani ba, ko ka samu ka huta. Duk abin da ya biyo baya, ni zan je wurin mahaifiyarka da kaina.

Allah ya yafe mana baki ɗaya.
Kawunka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Daga ɗakina na da nake rubuto maka, sun mayar mini da wayata, amma ba zan iya faɗin wannan da baki ba.

Jiya kwamiti ya zauna. Aka karanta takardarka, Manjo ya amsa cewa bai fayyace ba. Kanar ɗin da yake shugabanta ya ce ko ina da ƙarin bayani. Na miƙe na fara. Na faɗi filin, na faɗi cewa kofur na sashe na biyu ɗan kawuna ne. Ina zuwa nan sai Kanar ya ɗaga wa magatakarda hannu ya daina rubutu. Ya ce, "Ba wannan muka tambaye ka ba. Zauna." Suka rubuta kuskuren harshe, ba laifin kowa.

Na nemi a sallame ni daga aikin. Ya ce ba su da wani tafinta, sai wa'adina ya cika, saura wata goma sha huɗu.

Auta ya tare ni a bakin ƙofa ya rungume ni, yana dariya, wai ya san ba abin da za su samu.

Ranar Litinin za mu sake rakiyar motoci, ta hanyar nan dai. Ni ne a kan oba-oba.

Ka yi mini addu'a.
Ɗanka