Unguwar da Ba a Sayar da Goro

Zuwa ga Malam Hammawa, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina roƙonka don Allah ka taimake ni da shawara kafin Babbar Sallah, domin akwai maganar da nake shirin faɗa wa ɗana, kuma in ta fita ba ta komowa. Da hannuna na rubuta takardar nan. Sai da furfura ta fito mini sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma, saboda haka in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri.

Ni manomi ne a Tudun Kaya ta ƙasar Karaye, gero da dawa da gyaɗa nake yi. Ɗa namiji guda Allah ya bar mini, Sunusi, yana aiki a wata masaƙa a Kano. Ya daɗe da aure shiru, har na daina tambaya. Bana Allah ya ba matarsa Ramatu ɗa namiji, aka kuma ce sunana za a sa masa. Malam, ranar da saƙo ya iso ina gona. Na yar da fartanya na taho gida da gudu kamar yaro, har yau ban san inda takalmina ɗaya ya shiga ba.

Nan da nan na aika wa Sunusi cewa rago nawa ne, goron suna ma nawa ne, kada kowa ya sa hannu. Ragon na gida ne, ni na yi kiwonsa. Goro kuwa, na shiga kasuwar Karaye, Ɗantala mai goro ya buɗe mini huhu, daushe mai kyau, na ce ya rufe abinsa. Wa ke ɗaukar goro ya kai Kano? Ai can yake sauka kafin ya zo mana. Matata Turai ta ce in dai saya, na ce mata ba ta san birni ba.

Ashe inda Sunusi ya koma ba birni ba ne. Wata sabuwar unguwa ce can bakin gari ta hanyar Gwarzo, ba ta kai birni ba, kuma tana ƙyamar a ce mata ƙauye. Kowane gida katanga da fasassun kwalabe a kai, ba dakali, ba mai zama a ƙofar gida. Ga wahalar mai, motarmu ba ta isa ba sai bayan la'asar ta jajibirin suna. Na ɗaure rago, na ɗauki takwarana na yi masa addu'a, sannan na ce a nuna mini kasuwa. Sunusi ya sunkuyar da kai, wai ba su da kasuwa, sai dai shofin santa.

Malam, ka taɓa ganin abin nan? Jerin shaguna ne dogo kamar ajujuwan firamare, an sa musu gilas. Wannan na kaset ɗin bidiyo, wancan na wankin kan mata, ɗaya na magani, ɗaya na takalman da ba za su kai mutum bayan gari ba. Babban yana tsakiya, an rubuta masa supamaket, ni da kaina na karanta. Na shiga na yi sallama, ba wanda ya amsa sai firji da ke gurnani. Ba mudu, ba tiya, ba faifai. Kome an ɗaure shi a leda ko an toshe a gwangwani, an manna masa 'yar takardar kuɗi a goshi. Na ga kwalbar da aka ce man gyaɗa ne, na buɗe in sansana, kamar yadda duk mai hankali yake yi kafin ya sayi mai. Sai ga mai gadi ya taho kamar na fasa banki, wai abin da aka buɗe an saya. Man da ko ƙamshi babu, fari sol kamar ruwan rijiya! Na ce to, na taya. Matar da ke zaune a kan injin kuɗi ta dube ni kamar na zagi iyayenta. Ba ta ce albarka ba, ba ta ce in ƙara ba, balle a yi zancen gyara. Cinikin da ba tayi ba albarka, ai ba ciniki ba ne, haraji ne.

Na tambaye ta goro, ta nuna mini cingam da bakin biro. Na bi jerin nan shago-shago, babu goro, babu kanwar da za a yi wa mai jego kunu, babu daddawa. Mai tebur ɗaya na samu a bakin titi, 'yan ƙwayoyin da suka rage masa sun bushe, ko akuya ba za ka ba. In shiga birni kuwa, motoci duk suna layin mai, kuma ko na je kasuwa ta tashi.

Da safe mutane suka hallara, har da abokaina da suka yi takakkiya daga Tudun Kaya da Kurugu. Liman ya zauna, ana jiran goro. Sai yayan Ramatu, Alhaji Uba, ya sa aka shigo da katan-katan na biskit da minti aka shiga rabawa. Malam Shitu na Kurugu, abokin wasana, ya ɗaga nasa sama yana tambaya wai fasa shi ake yi a ba na kusa, ko jiƙa shi ake yi. Aka bushe da dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci. Ana shafa fatiha na miƙe na ce wannan ba suna ba ne, bikin ba da hutun makaranta ne. Na ce mai supamaket ɗin nan, ko wane ne shi, ya ji tsoron Allah, ruwa yake ɗurawa a kwalba ya ce mai ne, kuma a kasuwar Rogo ko tallan ƙuli ba za a ba shi ba. Na rantse da Allah ba zan sake taka unguwar ba sai ranar da kasuwa ta ci a cikinta. Sai a mota Malam Shitu yake gaya mini ai kantin na Alhaji Uba ne, wanda muke tabarma ɗaya da shi. Na san shi ɗan kasuwa ne, ban san a nan ya buɗe ba. To, in ma nasa ne, ƙarya na yi?

Tun ranar ban sake ganin takwaran nawa ba. Sunusi yana zuwa shi kaɗai, kullum wai hanya ba kyau. Turai ta je ta dawo, ta ce ya fara zama, kunnuwansa irin nawa ne, dariya kuwa ba a magana. Wai ta yi sabon miji, tsohon ya tafi ya huta. Ina dariya, amma da na shiga ɗaki sai abinci ya ƙi ciyuwa. Ta kuma ce garin gwangwani na kantin nan suke dama masa, alhali rumbuna cike yake da gero. A majalisa kuwa yanzu Kakan Biskit ake ce mini.

Abin da na yanke shi ne, in Sunusi ya zo Sallah zan ce masa ya bar aikin ya kwaso iyalinsa ya dawo gida, ga gona ga ɗaki. In ya ƙi, ya cire sunana daga kan yaron, kada kuma ya sa ran albarkata. Yaron da zai tashi bai san tayi ba, bai san mudu ba, bai san a gaishe da mai kaya kafin a taɓa kayansa ba, me aka haifa? Ka gaya mini, ba ni da gaskiya? Kuma yaya zan faɗa masa har ya ji?

Naka,
Kakan Takwara, Tudun Kaya.

AMSA

Wa alaikumus salam, Baba. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya takwara. Rubutunka kuma bai karkace ba, na karanta shi tsaf.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Ni ma ba na jin daɗin wurin da za ka yi sallama a dube ka. Kasuwa ba saye da sayarwa kaɗai ba ce, can ake sanin wanda ya haihu da wanda ya kwanta ciwo. Unguwar da ta tanadi kaset ta manta da kanwa, lalle da sauranta. Kuma kunyar da ka ji a gaban abokanka, ba wanda zai ce ba ta da zafi.

Amma Baba, laifi tudu ne. Wa ya ce kada kowa ya sayi goro? Wa Ɗantala ya buɗe wa huhu ya ce a rufe? Wa Inna Turai ta ba shawara ya ce ba ta san birni ba? Kantin Alhaji Uba bai yi maka alkawarin goro ba, kai ka yi wa ɗanka. Da Alhaji Uba ya ga taro zai watse hannu wofi, ya kwaso abin da yake da shi ya rufa maka asiri, kai kuma ka tsaya a kan tabarmarsa ka kira shi mai algus. Man da ba shi da ƙamshi tatacce ne na kamfani, ba ruwa ba ne. Kana da ikon ka ƙi shi, ba ka da ikon ka ɓata sunan mutum a kansa. Ramatu ba ta hana ka jika ba, kunyar yayanta take ji, Sunusi kuma ya rasa inda zai sa kansa tsakanin uba da suruki.

Maganar da kake shirin yi ranar Sallah, ka haɗiye ta. In Sunusi ya bi ka, ya rasa aikinsa, ya zauna yana kallonka da ciwo a rai. In bai bi ba, ka rasa ɗa ka rasa jika saboda biskit. Suna kuwa ba riga ba ne da za a tuɓe. Yaron nan zai amsa shi har bayan ranka, kada ka sa ya tashi yana jin cewa mai sunan ya ƙi shi.

Ga shawarata. Ka je wurin malamin garinku ka gaya masa rantsuwar da ka yi. Abin da muka sani shi ne, wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya yi alherin ya yi kaffara, kuma ciyar da miskinai goma ba zai girgiza rumbunka ba. Kada ka jira kasuwa ta ci, yaro ba ya jiran kowa, yau zama gobe rarrafe. Ka shirya kafin Sallah, ka fara sauka wurin Alhaji Uba, ka ba shi haƙuri a gaban mutum biyu ko uku, tun da a gaban mutane ka yi masa. Girmanka ba zai ragu ba. Sannan ka wuce gidan ɗanka da gero da kanwa da man gyaɗa na gida. Ka miƙa wa Ramatu a matsayin tsaraba, kada ka ce ta zubar da gwangwani. In ita da mijinta suna so, ka riƙa aiko mata da yawa ta sayar wa maƙwabta daga cikin gida, domin ba kai kaɗai ka nemi kanwa a unguwar nan ka rasa ba. Kasuwanni da yawa daga faifai ɗaya suka fara.

Tayi da mudu da gaisuwar mai kaya kuwa, ba kanti ne zai koya wa takwara ba, ba kuma shi zai hana shi ba. Kaka ne ke riƙe hannun jika ya shiga da shi kasuwa, amma sai jikan ya san fuskarsa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa ka ga aurensa. In za ka tashi, ka biya ta wurin Ɗantala. Wannan karon ka bar shi ya ɗaure maka goron tun daga Karaye.

Malam Hammawa