Zirnaƙon Baba da Baƙin Gashin Mai Aski

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema, ya sauƙaƙa muku sanyin can da kake ta kuka da shi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Goggo ta yi sauƙi, har ta koma zagayen gidajen maƙwabta. Likita ya ce alamar warkewa ce. Auta ta gama jarrabawa, tana barci kamar an biya ta. Ni kuma kullum in na taso daga aiki sai na biya ta gida na duba Baba.

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, na yi kwana goma sha ɗaya ina jin haushinka. Ɗan jirgin nan maras matuƙi da ka aiko wa Baba saura ƙiris ya raba shi da Baba Mai Aski, abokinsa na shekara arba'in. Ka fi ni sanin cewa tun rasuwar Mama, mutumin nan kaɗai ke iya fito da Baba daga ɗaki.

Ranar da kwalin ya iso, Baba ya ji ƙarar abin, ya raɗa masa suna Zirnaƙo. Na zaunar da shi na karanta masa takardar da ke ciki: ba a tashinsa a kan gidajen mutane ko kan taro, ba a bari ya ɓace wa ido, ba a tashinsa in ana iska, kuma a nemi fili. Ya saurare ni da irin kallon da yake wa fasinja mai koya masa hanya, ya ce shekara talatin da biyar yana jan bas bai taɓa take ko kaza ba, ba takarda ce za ta koya masa tuƙi ba. Duk da haka da farko ya bi doka. Kowace Asabar da yamma sai su tafi filin ƙwallo shi da Mai Aski. Baba ya duba farfela ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake duba tayoyi, ya duba batir, Mai Aski kuma ya riƙe lema yana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Wallahi na daɗe ban ga Baba yana dariya haka ba, har na sa maka albarka.

Sai ranar wata Litinin tankin ruwan da ke saman rufi ya fara yoyo. Na ce a kira mai gyara, Baba ya ce mai jirgi ba ya aron tsani. Na nuna masa yadda iska ke kaɗa shanya, ya ce minti ɗaya ne. Zirnaƙo ya tashi daga tsakar gida, ni da Goggo muna leƙen wayar da ke nuna abin da kyamarar jirgin ke gani ta bayan kafaɗar Baba. Ko tankin bai kai ba iska ta kwashe shi, ta tsallakar da shi katanga, ya tsaya cak a kan bayan gidan Mai Aski.

Ka tuna yadda mutumin nan yake rantsuwa cewa baƙin gashinsa gado ne, wai a gidansu ba a furfura, yana aske kan sa'o'insa yana yi musu jajen tsufa? To, ga shi nan a wayar, zaune a kan bokiti, ba riga, ya rufe kafaɗa da leda, ya jingina madubi a bango, yana shafa rini da tsohon buroshin goge baki. Rabin kan baƙi wuluk, rabin fari fat. Ya ɗago kai ya kalle mu. Baba ya rikice, maimakon ya ja sama sai ya danna ƙasa. Mai Aski ya wurga tawul, tawul ya naɗe farfela, Zirnaƙo ya faɗi a gabansa. Daga baya na ga inda ƙarfen ya karci siminti, da ya ƙara matsawa kaɗan da fuskarsa ce.

Na juya zan roƙi Goggo ta rufe bakinta, sai na ga takalmanta ba sa bakin ƙofa. Kafin la'asar har mai wankin mota na ƙarshen layi ya ji.

Abin dariya ne, amma abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Mutane suka riƙa shiga shagonsa ba don aski ba, su zauna su yi ta tari. Wani ya tambaye shi ko gadon nan ana samunsa a ƙaramar kwalba. Mai Aski ya ja hula har kunne, ya daina magana, ya daina zuwa bencin ƙofar gidanmu. Baba ya goge hoton a gabana, ya je ba da haƙuri har sau uku. A na ukun Mai Aski da bakinsa ya amsa daga ciki cewa ba ya nan. Baba ya dawo ya shige ɗaki. Da yamma ya kan fito da kofi biyu na shayi, ya zauna har su huce, Auta ta kwashe. Ya rage cin abinci. Na ji tsoro ƙwarai, Yaya, don irin zaman da ya yi ke nan bayan Mama.

Ran kwana na goma sha biyu, Asabar da hantsi, lokacin da shagon ya fi cika, Baba ya sa rigarsa mai kyau ya fita. Na bi shi a baya don ban yarda da tafiyar ba. Ya shiga, bai gaida kowa ba, ya tsallake layi, ya zauna a kujerar aski, ya cire hula. Ka san kan Baba, ko gashi ɗaya baƙi babu. Ya kalli abokinsa ta madubi ya ce, "Irin naka nake so. Ka zuba da yawa."

Duk shagon aka zuba musu ido. Mai Aski, da almakashi a hannu, ya ce abin fa ba ya fita da sabulu. Baba ya ce ya sani. Sai Mai Aski ya buɗe durowar ƙasa ya fito da kwalbar a gaban kowa. Ina jin ya ɗan huce haushinsa a wurin, don bai bar gemu ba, bai bar gira ba. Da aka gama, Baba ya naɗe hularsa ya sa a aljihu, ya biyo doguwar hanya, yana tsayawa a kowane shago yana gaisawa. Mai shago ya ba shi canjin da ba nasa ba, tela ya ɗinke aljihun wani. Goggo ta buɗe ƙofa ta tambaye shi wa yake nema. Ni na yi dariya har na zauna a ƙasa, sannan na shiga ɗaki na yi kukana.

Yanzu ba mai zancen kan Mai Aski, na Baba ake yi. Da yammar ranar Mai Aski ya zo benci, da Zirnaƙo a cikin leda, ya gindaya sharaɗi: fili kawai, ba iska, kuma kyamara ba ta kallon katangar kowa. Baba da bai ji maganar takarda ba ya ce ya ji ya yarda.

Roƙona ɗaya ne. In ka kira shi ta bidiyo, ka fara yin dariyarka a waje ka gama, ka kuma ja wa yara kunne. Na tambaye shi ko zai bari rinin ya fita da kansa, tunda an shirya. Ya ce a'a. Duk wata zai koma kujerar nan, har ranar da abokinsa ya gaji ya bari, sai su yi furfurarsu tare.

Ka gaida Anti da kyau, ka gaida Babba da 'Yar Baba da ƙaramin mai rigima. Goggo da Auta da maigidana duk suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka ta tsakiya